Ban da makullai, me ya kamata a bar wa wanda ya sayi gida?

Ma'aikaci daga Banifandu:
Salamu alaikum ƴan uwa. An maida ni aiki Tawa, na kuma gama ciniki da wanda zai sayi gidana. Takardar fili tana hannun notar, mai tabbatar da takardun ciniki, wannan ya wuce. Tambayata ita ce, ranar miƙa makullai wane bayani zan bar wa mutumin? Waɗanda suka taɓa saye ko sayarwa a nan Yamai, ku faɗa mana abin da kuka gani.

Tsohon magini, Talaje:
Alhaji, fara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Bara an kira ni wani gida da aka saya, an shimfiɗe tsakar gidan da fale-falen siminti gwanin kyau. Masai ya cika, motar kwasa ta zo ta tsaya a ƙofa, amma babu wanda ya san inda murfin ramin yake. Tsohon mai gidan ya koma Kwatano, lambarsa ba ta shiga. Haka muka yi ta fasa tsakar gida muna lalube, kuɗin gyaran ya fi na kwasar.
Ɗauki takarda ka zana gidan ko da zanen yara ne. Nuna ramin masai da ramin ruwan wanka, mita nawa daga bango, da shekarar da aka kwashe su. Nuna inda bututun ruwa ya bi daga kwantar, wato na'urar auna ruwan da aka sha, zuwa ɗakin girki, da inda aka binne wayar wuta. Sannan ka gaya masa gaskiyar tushen ginin: an zuba ƙarfen da zai ɗauki bene ko ba a zuba ba. Mutanenmu da sun samu kuɗi sai tunanin hawa sama.

Hajiya mai ɗinki, Lazare:
Ni kwantar ce ta ba ni wahala. Mun tare lafiya, wata na farko takardar wuta ta zo da bashin tsohon mai gida a kai. Wata na biyu ma kuɗin bai sauka ba, alhali ba mu da ko na'urar sanyi. Ashe akwai wayar da ta tsallaka katanga zuwa shagon maƙwabci, sun yi yarjejeniya da wancan mutumin yana ba shi wani abu duk wata. Mu ba wanda ya gaya mana. Ka ga mun fara zaman unguwa da cire wa maƙwabci wuta, har yau gaisuwar ba ta da daɗi.
Yaya, ku tsaya ku biyu gaban kwantar wuta da ta ruwa, ku ɗauki hoton lambar da ke kai a ranar. Ka ba shi rasit na ƙarshe da ka biya, ku je kamfanin wuta na NIGELEC tare a sauya suna. Na ruwa kuma NDE za ku je, ita ta karɓi aikin tsohon kamfanin ruwa na SEEN tun farkon 2024. In kwantar mai kati ce, rubuta masa lambarta, kar dare ya yi masa yana neman abin da zai sayi wuta da shi.

Ɗan Harobanda:
Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar damina. Gidan da ka gani a watan Maris ba shi ne za ka gani a Agusta ba. Mu da muka ga 2020, lokacin da kogi ya ɓalle ya shiga Lamorde da Kirkisoye, mun san gidaje nawa aka shafe wa fenti daga baya aka sa a kasuwa, alamar ruwa tana ƙarƙashin fentin. Banifandu ba bakin kogi ba ne, amma ruwan sama ma yana da hanyarsa. Ta ina yake fita daga tsakar gida? Wane indararo ne ke toshewa da ganye? Wane ɗaki ke yoyo in iskar gabas ta zo da ruwa? Wanda ya sayar mini ya nuna mini wata ƴar kafa a gindin katanga, ya ce a buɗe ta kafin ruwan farko. Allah ya saka masa, na ga amfaninta.

Dillali, Wadata:
Ku yi a hankali dai. In ka zauna kana lissafa wa mai saye aibin gida, sai ya ce a rage kuɗi ko ya fasa. Ya zo ya duba da idonsa ai.

Malamin makaranta, Bukoki:
Malam dillali, ya duba abin da ake gani. Aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye, a shari'a mai saye yana da ikon maida kayan in ya gano shi. Kuma wurin faɗar irin wannan kafin a sa hannu ne, kada a jira ranar makullai.

Uwar gida, Bobiyel:
Ƙananan abubuwa su ne mu mata muke fama da su. A layinmu lokacin zafi famfo ba ya zuwa sai tsakar dare, wanda bai sani ba zai kwana da tanki babu ruwa. Bar masa lambar mai garuwa, da yaron da ke kwasar shara da abin da ake ba shi a wata, da mai gyaran wutar da ya san gidan. Makullai a ɗaura wa kowane ƴar takarda da sunan ɗakinsa, shi kuma ya sauya na babbar ƙofa, don ba ka san hannu nawa ya bi ba.

Tsohon magini, Talaje:
Na tuna wani abu, Alhaji. Katangar da ke tsakaninka da maƙwabci, wa ya gina ta, kuma a filin wa take? In kun haɗa kuɗi ne, kai sabon mai gidan wurin maƙwabcin a faɗa a gabansa, da mai unguwa in ya samu. Ka nuna masa alamomin iyakar fili huɗu tun kana nan, ko da sai an tona ƙasa kafin a gan su.