Kallo na je, ban ce na kwana ba

Na Mabera: Yau ɗan kabu-kabu ya karɓe min kuɗin da a da ke kai ni Boɗinga, alhali daga Mabera ne zuwa Tsohuwar Kasuwa. Sai na tuna Janairun 2012. Na je Kano sarin atamfa a Kantin Kwari, Jonathan ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Na ji matasa sun yada zango a shataletalen Silver Jubilee, na ce bari in je kallo. Tabarmi ko'ina ga sanyin hunturu, mai shayi ya kafa tebur yana ciniki abinshi. Wani yaro ya miƙo min rabin burodinshi, bai ma tambayi daga ina nake ba. Da lokacin salla ya yi, Kiristoci sunka riƙe hannu sunka kewaye masu salla. Ƙarshe sai da gwamnati ta sauko 97. A 2024 lita ta haura dubu, mu nan muna hamma. Zuciyarmu ta mutu wallahi.

Inno Arkilla: Kallo? Mutane na kwana a titi kai ka je kallo kamar dambe, kuma kai ne mai yi mana wa'azin zuciya?

Na Mabera: Hajiya, baƙo nake a garin, da kuɗin mutane a aljihu.

Malam Sambo: Ku yi adalci. Kallo daban, gani daban. Wanda ya je ya gani shaida ne.

Inno Arkilla: Malam, shi da bakinshi ya ce kallo. Har burodinsu ya ci.

Ɗan Kwari: Daren da 'yan sanda suka watsa wurin da barkonon tsohuwa yana ina? Mu Kanawa mu sha hayaƙi, Sakkwatawa su zo kallo. Dama can haka kuke.

Buba Runjin Sambo: Wanga mutum wa ya sa shi cikin zaurenmu? Tutar Shehu Ɗan Fodiyo da kuke taƙama da ita daga ina anka kai muku ita?

Ɗan Kwari: Kullum tuta. Tuta ce za ta sauke farashin mai?

Malam Sambo: A kiyaye harshe, kar a taɓa magabata.

Inno Arkilla: Ni dai a amsa min, ya biya kuɗin burodin?

Na Mabera: Maganar mai nake yi, jama'a.

Buba Runjin Sambo: Kai ma yayana ka ja mana. Da ziyara ka ce, da duk wannan bai taso ba.

Shugaban zaure: To, abin da na fahimta: Na Mabera ya kai ziyarar jaje, kowa ya yarda, in ban da mutum ɗaya da ya zo cin mutuncin Sakkwato, kuma na cire shi. Hajiya Inno, maganar burodi ki bi shi ta waya. Na rufe.