Me ya sa ake gina gada a arewacin Kanada a tsakiyar hunturu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni magini ne, na kuma san yadda kankare ke jinkirin kamawa ko da a ɗan sanyin hunturunmu na nan. Shi ya sa na yi mamaki da na ji cewa hanyar Inuvik zuwa Tuktoyaktuk mai tsawon kilomita 138, wadda aka buɗe a 2017, yawancin aikinta an yi shi ne lokacin da sanyi ya fi tsanani, alhali tana da gadoji takwas. Me ya hana su jira lokacin ɗumi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasar can a daskare take shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa idan ɗumi ya zo, ya koma laka da fadama. Babbar mota ta shiga a lokacin, za ta nutse, ta kuma kware ciyayin da suka lulluɓe ƙasar, kuma da zarar rufin nan ya tafi sai ƙanƙarar ƙasa ta yi ta narkewa, wuri ya zabtare. Da hunturu kuwa ƙasa ta yi tauri, tana ɗaukar kowane nauyi. A irin wannan wuri akan haƙa rami, a tsayar da ginshiƙin ƙarfe, a cika gefensa da yashi mai ruwa, sanyi ya daskarar da shi ya riƙe ginshiƙin gam.

Amsa ta biyu:
Damuwarka kan kankare gaskiya ce, ɗan'uwa, domin ruwan cikinsa in ya daskare kafin ya kama, ƙarfinsa ya lalace ke nan. Don haka ake ɗumama ruwa da tsakuwa, a kewaye wurin da rumfar tamfol, a hura iska mai zafi dare da rana na kwanaki. Tsadar wannan ce ta sa suka fi son a ƙera sassan gada a masana'anta, a kawo a haɗa.

Amsa ta uku:
Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne halin mutanen yankin kafin a buɗe wata gada dabam, gadar Deh Cho, a kan Kogin Makenzi a 2012. Da ɗumi jirgin fito ke tsallakar da motoci, da hunturu kuma a yi ta zuba ruwa a kan ƙanƙarar kogin har ta yi kaurin ɗaukar tirela. Amma duk shekara idan ƙanƙarar ta fara tsagewa, jirgi bai isa ya shiga ba, mota ba ta isa ta hau ba, sai hanyar zuwa Yellowknife, babban birnin yankin, ta yanke na makonni, kayan abinci ma sai ta jirgin sama.