Musayar baiti: Grimsby da Man U, ina lagon kowa yake?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar 28 ga Oktoban 2025 Brentford ta je har gida ta zuba wa Grimsby 5 da nema a kofin Carabao, sai abin ya tuna min daren 27 ga Agustan 2025 da yaran nan suka yi waje da Man U daga kofin a bugun fenariti, na ce bari in buɗe fage, mai amsawa ya amsa da baiti kuma don Allah banda zagi.

Da sunan Allah zan buɗe zantawa,
Kan 'yan Grimsby, garin kifin sayarwa,
Filinsu Blundell Park ba shi da yalwa,
Mutum dubu tara ya cika sai matsawa.

Rukuni na huɗu suke, ba a damuwa,
Gidan kallo ma wasansu ba a sakawa,
Ran nan ruwa ya tsuge babu tsayawa,
Suka tari Man U babu razanawa.

Ba su koma baya suna ta karewa,
Gaba suka taso, matsi ba sassautawa,
Ɗan baya na karɓa, kafin juyawa,
Mutum biyu na kansa suna ƙwacewa.

Minti na 22 raga ta yi girgizawa,
Vernam ne, gola Onana ya kasa tarewa,
Minti na 30 Warren ya yi ƙarawa,
Yaron da Man U ta yi renonsa tun tasowa.

Ɗan Fagge:
Baba barka da dare, wallahi ka taɓo inda ke min ciwo, ranar ina gidan kallo a bencin gaba da rigata ja, shayin da na saya har ya huce ban kurɓa ba. Amma a bar ni in faɗi nawa.

Baba ka ɗau farko ka bar ƙarshen zance,
Gudun da suka ɗauko dole ƙafa ta mace,
Bayan minti 70 numfashi ya ƙwace,
Mai matsin ɗazu ga shi can a kwance.

Ana dawowa hutu Bruno ya miƙe,
Shi da Mbeumo, a benci dama suke,
Su in sha ɗayan farko sun gaji sun sare,
Wa za su sako? Ga lagonsu nan a buɗe.

Mbeumo a 75 ya buga ta shige,
Maguire da ka a 89 ya farke,
Kwana aka ɗago tsaronsu ya watse,
Dogo ɗaya ya tashi duk suka daskare.

Maman Sadiq:
Ƙanena sannu da haƙuri, ni ba na murna da ciwon kowa, sai dai maganar benci da kake yi ita ce ma abin kunyar, ace sai an taso manya kafin a rama wa 'yan rukuni na huɗu.

Ƙanena tsaya in faɗa maka gaskiya,
Cunha, Mbeumo, Sesko, an zuba dukiya,
Wajen fam miliyan 200 a bazara ɗaya,
Amma an bar rami wangame a tsakiya.

Koci Amorim ya kafe sai uku a baya,
Mutum biyu rak ke ɗauke da kaya,
Kowane koci ya gane masa hanya,
A danne biyun nan, gida ya zama kufai da ƙaya.

Ruwa na dukan yara, shi yana ta juya
'Yan maganaɗisun allo, dabara ta ɓuya,
Onana ya fito wa kuros, hannu ya kauce hanya,
Ko sati uku ba a yi ba sai aro Turkiyya.

A 2025 na 15 kuka ƙare a lig, ba ƙarya,
Kofin Europa a Bilbao, Tottenham ta ɗauke muku ƙwarya,
Grimsby ta zo ta tarar da bango ya karya,
Turawa kawai ta yi, ya zube gaba ɗaya.

Ɗan Yerwa:
Hajiya kin yi magana. Ni hirar nan gida ta tuna min, don mu a Maiduguri mun ɗanɗana irin wannan daɗin kuma mun san wahalar da ke bayansa.

A 2024 El-Kanemi na rukuni na biyu, NNL, ku tuna,
Ba ta cikin manya, ba a kiran ta da suna,
Ta je Legas wasan ƙarshe muna addu'a dare da rana,
Abia Warriors ta sha 2 da nema, muka kwana murna.

Kofin ƙalubale na uku ke nan a wurinmu,
1991 da 1992 iyayenmu sun samu,
Ƙaramin kulob zuciya ce jarinmu,
Kowa ya san kowa, tare ake cin tuwonmu.

Amma kofi kwana ɗaya ne, a daure a wuce,
Lig kuwa kullum ne, ba ranar da za a ce an huce,
Tafiyar mota mai nisa, ɗan wasa ya jigace,
Mutum biyu su ji rauni, tsarin duk ya lalace.

Ɗan Fagge:
Yauwa Yaya Ɗan Yerwa, ka taya ni faɗa. Kuma ba a fili kaɗai ƙaramin kulob ke da rauni ba har a ofis, ai an ci Grimsby tarar fam 20,000 saboda Clarke Oduor ɗan Kenya da suka saka ranar ba a yi masa rajista kan lokaci ba, shi ne ma ya ɓarar da fenaritinsa.

A 2023 Grimsby ta doke Southampton a kofin FA, an yi ta kiɗi,
Brighton ta tare su da 5, aka daina faɗi,
A 2025 Brentford 5 kuma, babu wani daɗi,
Matsi in ya kuskure, baya sai ta yi faɗi.

Mai fasin ɗaya biyu, mai sauri da hankali,
Shi ke warware matsi kamar zaren ƙulli,
Mu muka tsaya jan ƙafa da shan ƙamshi a fili,
Da mun yi saurin Brentford da ba a kai ga fenariti ba, Baba, duba dalili.

Baban Ummi:
Ɗana ka faɗi gaskiya kan Brentford, ban musa ba. Amma fenaritin nan da kake son tsallakewa nan ne zan zauna, don ni a tsaye na kalle shi, mai gidan kallo yana ta leƙa tankin janareta kar mai ya ƙare kafin a gama.

Bugu 13 kowa, har gololi sun buga,
Cunha na da ta nasara, golan Grimsby Pym ya tare ƙofar raga,
Sesko mai tsada sai na goma muka ga ya shiga,
Yaran kocin Grimsby Artell na zuwa ɗaya bayan ɗaya ba mai waiga.

Aka zagayo, Mbeumo ya dawo karo na biyu,
Ya ɗaga ta daki ƙarfen sama, abin bai yiwu,
12 da 11, masunta suka cika fili da ihu,
Tsoho da jikansa a cikin ruwa, hawaye ya samu.

Gajiyar da ka ce na gani, ban ƙi ta ba,
Amma mai gajiyar nan ƙafarsa ba ta yi rawa ba,
Koci ya sunkuyar da kai, bugun ma bai kalla ba,
Ɗana wannan lagon fa kuɗi bai rufe shi ba.

Ɗan Fagge:
Baba wannan baitin na ƙarshe ya shige ni, don ni ma na rufe ido da hulata lokacin da Mbeumo ya taho, ƙarar ƙarfen kawai na ji.

Na yarda Baba, ranar zuciya suka fi mu,
Ƙafa da kuɗi da benci duk suna wurinmu,
A sayo ɗan tsakiya mai ƙwace ƙwallo ya taimake mu,
Hajiya ke kika tono ramin, wa kike ganin zai dace da mu?

Maman Sadiq:
Ƙanena bari in sauke tukunya in sallami yara tukuna, ina da sunaye biyu a raina amma ɗaya ya ƙi shiga baiti, bayan isha'i zan kawo maka.