Dan Allah ku taimaka mini da wannan tambaya akan ceto

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, kullum na zauna da Littafi Mai Tsarki sai kaina ya kara kullewa. A Afisawa 2:8-9 Bulus yace ta wurin alheri aka cece mu, ta bangaskiya, ba ta ayyuka ba don kada kowa yayi fahariya, to amma Yakubu 2:26 yace bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, ga kuma Ibraniyawa 12:14 na cewa in babu tsarki ba wanda zai ga Ubangiji, wannan ayar kam tana bani tsoro sosai.

Na tambayi wani dattijo a cocinmu yace biyayya 'ya'yan ceto ce ba tushensa ba. Na gane, amma mutumin da ya karbi Yesu da gaske, akayi masa baftisma, daga baya ya koma shan giya da neman mata har ya mutu a haka fa? Ceton ya kubuce masa ne, ko dama can bai samu ba? Fastoci da malamai dan Allah ku warware mini da ayoyi.