Neman shawara: Yaya zan ajiye wakena har bazara ba tare da fiya-fiya ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Bana gonarmu ta yi albarka, mun rore wake mun sussuke, bayan zakka an samu buhu goma sha biyu na farin wake. Kasuwarsa ta faɗi yanzu, don haka ina so in ajiye har bazara lokacin da ake neman iri. Damuwata ƙwari. Mutanen garinmu fiya-fiya suke yayyafawa, wasu kuma su jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhu, ni kuwa daga cikin waken nan iyalina za su ci. Malamin gonarmu ya ce akwai wani buhu mai hawa uku da wata jami'a ta ƙirƙiro, wai ba a sa masa magani ko kaɗan. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Leda kawai ce za ta kashe ƙwaro? Sannan abin da ake kira binciken jami'a yawanci a takarda yake ƙarewa. Wanda ya san abin ya taimaka min, Allah ya biya.

Dillalin hatsi a Dawanau:
Wa'alaikumus salam. Ƙanina, buhun PICS ake ce masa, kuma yana aiki, mun daɗe da shi a kasuwa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. A nan Kano ma ana yin sa. Abin da zan ja kunnenka a kai jabu ne. Wasu sukan samo siririyar leda su cusa a buhu su ce shi ne. Ka taɓa ledar da hannunka, ta gaske tana da ƙarfi, ba ta miƙewa da wuri. Kuma kafin ka zuba wake, ka buɗe bakinta iska ta shiga, ka damƙe, ka danna. In iskar na zurarewa, mayar wa mai ita.

Wani manomi daga Ɓaɓura:
Ni dai shawarata, ka sayi buhun amma ka jefa ƙwaya guda a ciki. Riga-kafi ya fi magani. Waɗannan masu bokon ba su san ƙwarin garinmu ba.

Malama a tsangayar aikin gona:
Baba, da girmanka, a nan kam ba zan bi ka ba. In ya sa ƙwaya ya yi asarar kuɗin ƙwayar, ya kuma koma wa abin da yake gudu. Kuma binciken ba a nesa da mu aka yi shi ba. Masanan Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, a Marwa ta arewacin Kamaru suka fara aikin tun ƙarshen shekarun 1980, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasar. Wakenmu ne, ƙwaronmu ne. Abin da suka fara yi shi ne duba dabarun manoma kansu, masu cakuɗa wake da toka da masu rufe shi a duro. A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa buhun a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar.

Ɗan'uwa mai tambaya, ba ledar ce ke kashe ƙwaron ba, rashin iska ne. Tun daga gona ƙwaron ke biyo wakenka. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta fito ta huda ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa ita ma. Shi ya sa za ka ɗaure buhu ba ka ga komai ba, ka dawo ka tarar da gari. To in ka rufe su ruf, su da kansu za su shaƙe iskar oksijin da ke ciki. A sarari oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, a cikin buhun kuwa sai ya yi ƙasa sosai, ƙwarin su daina ci, su daina haihuwa. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne, yawancin ruwan jikin ƙwaron daga narkar da abinci da oksijin yake samunsa, tunda busasshen wake ba ruwa gare shi ba. In babu iska, babu ruwa, sai ya bushe ya mutu. Leda ta biyu kuma kariya ce, ko da wani ya huda ta farko.

Maganarka ta binciken jami'a tana da ƙamshin gaskiya, mu ma abin yana damunmu. Kundaye nawa ne ƙura ta rufe a ɗakunan karatunmu? Wannan ya fita daban ne don an bi ƙauyuka ana nunawa, a ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a buɗe a gabansu, sannan aka samu masana'antu da 'yan kasuwa suka ɗauka.

Ma'aikaciyar jinya:
Don Allah Baba a daina wasa da ƙwayar nan. Da ta sha raɓa sai ta fitar da iska mai guba, kuma gidajenmu inda ake jibge buhu nan yara ke kwana. Ita ma fiya-fiya guba ce mai taɓa jijiyoyi, mutum ya fara zubar da miyau, amai, numfashi ya yi wuya. Guban da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da suka ƙi karɓa shi muke dafa wa 'ya'yanmu ƙosai da alala.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Salamu alaikum. A nan wajenmu buhun ya zama ruwan dare, masu binciken noma na Maraɗi sun yi aiki sosai a kansa. Waɗanda na ga sun yi asara, ba buhun ne ya ci amanarsu ba, hannunsu ne. Na farko, wake ya bushe ƙayau. Ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara to ya yi, in haƙori ya nutse ka sake shanyawa, don ɗanyen wake a rufe fumfuna zai yi. Ka sheƙe shi da kyau, guntun kwanso da tsinke su ke huda leda. Wajen ɗauri kuma kowace leda daban: ka matse iska ta fita, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa, ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda, aikin banza suka yi. Kada a ja shi a ƙasa, a ɗora kan katako, a matsar da shi daga bango saboda ɓera da gara.

Babbar matsalar ita ce buɗewa. Yau uwargida ta ɗebi tiya, jibi a sake. Duk buɗewa sabuwar iska ce ka ba ƙwaro. Ka ware na cin gida a jarka mai murfi, sauran kada a taɓa su aƙalla wata biyun farko.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, tambaya biyu. Waken da ya zauna babu iska, zai tsiro kuwa in an shuka? Sannan na ji ana maganar wani iri daga Zariya da ƙwaro ba ya ci. In na koma shi baɗi, na huta da sayen buhu ke nan?

Malama a tsangayar aikin gona:
Zai tsiro. Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ƙwaro bai huda ba ya fi ƙarfin tsiro. Kafin ka sayar, ɗauki ƙwaya ɗari ka jera a jiƙaƙƙen buhu, ka ƙirga nawa suka fito, ka ga kana da abin nuna wa mai saye.

Irin da kake nufi SAMPEA 20-T ne, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an fitar da shi a ƙarshen 2019. Amma kada ka haɗa su. Shi tsutsar da ke cin fure da kwanson wake a gona yake karewa, shi ya sa feshi ke raguwa zuwa sau biyu maimakon shida ko takwas. Ƙwaron rumbu daban ne, zai ci shi kamar kowane wake, don haka buhun na nan.

Dillalin hatsi a Dawanau:
In kuɗinka ba su kai na goma sha biyu ba, saya na rabi, sauran ka sa a duron ƙarfe mai murfi. Sharaɗin a cika shi taf a liƙe bakin, duron da aka bari rabi iska ce a cikinsa. Buhun kuma in ka juye kada ka bar yara su yi wasa da ledar. Ka ninke ka rataye inda ɓera ba ya kaiwa, zai yi maka kaka biyu ko uku.