Neman shawara: ina so in cire tukunyar gas in saka famfon zafi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune a ƙasa mai sanyi, gidan ɗaki uku ne, tukunyar gas ce ke ɗumama shi ta radiyetoci (ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke ratsawa su ɗumama ɗaki), ita ce kuma ke ba mu ruwan wanka. Ta tsufa. Bara takardar mita ta nuna mun ci gas yunit 12,000 (yunit irin na wutar lantarki, wato kWh). Ina so in koma famfon zafi don rage hayaƙin kabon. Mai sakawa ya zagaya gidan minti goma, ya ce in sayi mai kilowat 12. Da gaske hayaƙin zai ragu, alhali wutar lantarki ma da nata hayaƙin? Kuma zai riƙe gida ranar da ƙanƙara ke zuba?

Injiniyan lantarki:
Wa alaikumus salam Hajiya. Famfon zafi ba ƙona komai yake yi ba. Aikinsa irin na firji ne: gas ɗin da ke cikinsa yana jawo ɗumin da ke cikin iskar waje, kwamfireso ta matse gas ɗin ya ƙara zafi, ya zuba ɗumin cikin ruwan radiyeta. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta ke ba da yunit 3 zuwa 4 na ɗumi idan an saka shi daidai.

Ga lissafin gidanki. Kowane yunit na gas yana fitar da kabon kamar kilo 0.2, wato tan 2.4 a shekara. Tsohuwar tukunya tana zubar da wani kaso ta bututun hayaƙi, mu ce ɗumin da ya shiga gida yunit 10,200 ne. Raba shi uku, famfon zai ci wuta yunit 3,400. Idan wutar ƙasarku tana fitar da kilo 0.2 kan yunit, kin sauko zuwa kilo 680. Idan 0.4 ne, kilo 1,360. Amma inda kusan duk wutar daga gawayin kwal take, kilo 0.9 ko fiye, za ki haura tan 3, kin ga ba a ci riba ba. Don haka ki nemi wannan adadin wajen kamfanin wutarku. Batun sanyi kuwa ki kwantar da hankali, a Norwe fiye da rabin gidaje da shi suke ɗumi.

Mai haɗa bututun ɗumama gida:
Hajiya, kilowat 12 ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Gidan da ke cin gas yunit 12,000 a shekara da wuya ya buƙaci fiye da 5 ko 6, sai dai in sanyin wajenku mai tsanani ne ƙwarai. Na'ura in ta yi wa gida girma sai ta riƙa tashi tana mutuwa sau da yawa cikin awa guda, ta ci wuta a banza, kwamfireso kuma ta gaji da wuri. Kada ki biya kafin alƙalami sai an auna gidan ɗaki-ɗaki: bango, tagogi, rufi, daɓe, a rubuta ɗumin da kowane ɗaki ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi.

Akwai gwajin da za ki yi da kanki, ba ya cin ko sisi. A makon da sanyi ya kankama, ki rage zafin ruwan da ke fita daga tukunya zuwa digiri 45 ko 50, ki buɗe duk radiyetoci, ki bar ta tana aiki yini da kwana. Ɗakin da ya ƙi ɗumi shi ne mai buƙatar babbar radiyeta. Dalili kuwa, radiyetar da aka auna ƙarfinta da ruwa mai digiri 70, in aka ba ta mai digiri 45 ba ta kai rabin ɗumin ba. Wanda ya ƙi canja radiyeta ya tilasta wa famfon dafa ruwa zuwa 60, wannan riɓi ukun sai ya zube ya koma wajen biyu.

A duba bututu ma. Siraran nan masu milimita 8 ko 10 sukan shaƙe ruwa. A wanke layin tas daga laka da tsatsa, a sa matata mai maganaɗisu. Sannan ki tanadi wurin tankin ruwan wanka, lita 180 zuwa 200 ya ishi mutum huɗu, a saita shi ya kai digiri 60 sau ɗaya a mako saboda ƙwayar cutar lijonela.

Mai tambaya:
Na gode Malam. To in fara toshe kafofin gidan ne ko in saka famfon tukuna?

Injiniyan lantarki:
Mai sauƙin ki fara da shi: shimfiɗar tare zafi a saman silin, da toshe iskar da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. A yi awo bayan nan, don girman na'urar zai ragu. Amma ba sai kin sake bango da tagogi duka ba kafin ki saka.

Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki:
Ƙari kan na malamai, Hajiya, ki tambayi gas ɗin da ke cikin na'urar, don shi ma in ya zurare illa ne. Kilo ɗaya na R410A daidai yake da kabon kilo 2,088, R32 kuma 675, R290 bai wuce 3 ba. Sai dai R290 yana kamawa da wuta, ba a ajiye shi dab da taga, ƙofa ko bakin magudana.

Na'urar waje a ɗaga ta daga ƙasa, a bar wa fanka fili a gaba don kada ta sake shaƙar iskar da ta fitar. In sanyi ya sauko kusa da sifili kuma iska na da laima, za ki ga farin raɓa ya daskare a bayanta, ta tsaya 'yan mintuna, tururi ya tashi, ruwa ya zubo. Ba lalacewa ba ce, narkar da ƙanƙara take yi. A yi wa ruwan hanya zuwa magudana ko ramin tsakuwa, in ba haka ba ya daskare a kan hanyar wucewa. Ranar miƙa aiki kuma ki ce a kunna saitin da ke daidaita zafin ruwa da sanyin waje, a nuna miki inda allon ke rubuta wutar da ta ci da ɗumin da ta bayar.