Faifan majigi ya fara warin tsami, me za a yi?

Ma'aikaciyar laburare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Laburare ne da gwangwanayen fim na majigi mai faɗin milimita 16, wasu sun fara wari kamar ruwan khal. So ake ɗalibai su riƙa kallo, kada su zauna a sito kawai. A ɗora su a majigi ne, ko me ya kamata a fara yi?

Mai gyaran majigi:
Wa alaikumus salam. Malama, don Allah kada a ɗora tukuna. Warin nan alama ce robar asitet da aka yi fim ɗin da ita ta fara ruɓewa tana fitar da asid, kuma faifai ɗaya yakan harbi na kusa da shi. Yau ɗin nan a ware masu wari zuwa wani ɗaki. Fim da ya kama wannan ciwo motsewa yake yi, tazarar hudojin gefensa ta daina daidai da haƙoran majigi, sai ki ji karaf-karaf, hudojin sun yage a jere. Idan motsewar ta kai kusan kashi 1 cikin 100, majigi ba nasa ba ne. A fara warware shi da hannu a kan tebur mai tsabta, da safar hannu ta auduga, a riƙe shi ta gefe, a duba mahaɗa da suka saki. Faifai mai tsawon ƙafa 400 minti 11 ne kacal, amma dubarsa na iya cin awa guda.

Ma'ajin tsofaffin takardu:
Gaskiya Malam ya faɗa. Abin da ke kashe fim a Kaduna zafi ne da danshin damina, musamman a Agusta. Fumfuna kan ci fuskar hoton, kuma inda ta ci ba ya dawowa. Kada a goge da ruwa. A kwantar da gwangwanayen, kada a jingine su kamar littattafai, a cire takardu da robar ɗauri da ke ciki, a sauya masu tsatsa. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50. Masu tsamin firiza ce maganinsu: leda mai zif biyu, da ƙwayar silika mai shanye danshi tsakaninsu, a bar su kwana guda a rufe kafin a buɗe in an fito da su. Amma firizar da wuta ke ɗaukewa kullum ɓarna take ƙarawa, sai in akwai sola.

Ki kuma duba ko akwai mai milimita 35 na kafin 1952. Yana iya zama na robar nitiret, mai kama wuta da ruwa ba ya kashewa. Na 16 ba shi da wannan haɗari.

Malamin tarihi:
Kan batun ɗalibai, Malama, a ɗauki hoton fim ɗin zuwa kwamfuta da na'urar da ba ta da haƙora, su kalli kwafin, asalin ya huta. A ajiye kwafi a wuri biyu. Ku tuntuɓi Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, can ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa take. Kuma tun ana da dattawan da suka ga majigi a ƙofar fada, a zaunar da su gaban kwafin su faɗi gari da sunayen mutanen da ke ciki, a rubuta a katin kowane faifai.